Babbar wayata ta farko: yadda na bi ofishin layi da banki kafin na fara aiki da ita

Ni tela ce a Kano, kuma ni ce uwar adashen matan unguwarmu. Shekara da shekaru da ƙaramar waya mai tocila nake harkokina, in kira, a kira ni, in alat ya shigo in duba. Abin da ya kai ni ga sayen babbar waya shi ne masu kawo ɗinki sun daina zuwa da samfur a leda, kowacce sai ta ce, "Anti, na tura miki hoton ta WhatsApp." Matan adashe su ma da yawa sun koma zubi ta tiransifa. Da na ga kuɗin mutane ne zai riƙa ratsawa ta cikin wayar, a garin da kullum sai an ji labarin ƙwacen waya, sai na ƙudura ba zan fara aiki da ita ba sai na san yadda ake kulle ta. Babu wanda ya jera mini abubuwan daki-daki, a wurin wannan na tsinci kaɗan, a wurin wancan kaɗan. Shi ya sa nake rubuta su yadda suka zo mini, ko wata za ta huta da zirga-zirga.

A kasuwar waya ta Farm Centre na saya, tare da ɗan yayana da ke karatu a jami'a. Android ce ta masu ƙaramin ƙarfi, naira dubu 118, gilashin kariya da rigar roba suka ƙara dubu 4. Kafin in miƙa kuɗi ya karɓi wayar ya danna *#06#, sai ga dogayen lambobi jeri biyu, kowane jeri guda 15, tunda wayar mai sim biyu ce. Ya ce IMEI ke nan, lambar shaidar wayar. Ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ya ga sun yi daidai, sannan ya sa mai shago ya rubuta ta a rasit, da sunana da kwanan wata da hatimin shago. Ya ce, "Gwaggo, kwalin nan da rasit ɗin kada a ba yara, kada a jefar. Ranar da waya ta ɓata su za a fara tambaya." Ya ƙara da cewa mai sayen ta hannu ya fi kowa buƙatar wannan, domin idan ta sata ce, a hannun wanda aka same ta maganar za ta tsaya. Yaron shagon ya ce, "Hajiya, kawo in buɗe miki imel in zuba miki kaya, ki tafi da ita a shirye." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, haka suke yi wa kowa, amma ɗan yayana ya yi masa godiya ya ce a gida za mu yi. A cikin adaidaita yake mini bayani cewa asusun Google da aka sa wa wayar shi ne ke riƙe da ita: can lambobin mutane suke taruwa, da shi ake nemanta in ta ɓata, kuma in aka goge ta ta ƙarfi aka mayar da ita sabuwa, ba za ta buɗe ba sai an sa wannan imel ɗin da kalmar sirrinsa. Nan na gane abin da ya sami wata maƙwabciyata da wayarta ta zama kayan ajiya a durowa: wanda ya buɗe mata imel ɗin ya bar kasuwar, ita kuma ba ta taɓa sanin abin da ya rubuta ba.

A gida muka tarar tsohon sim ɗina babba ne, ba ya shiga, kuma irin na da ne da ba ya jan intanet mai sauri. Ɗan yayana ya ce kada mu buɗe komai tukuna, sai an gama da maganar layi, domin duk abin da za mu buɗe a kan wannan lambar za a ɗora shi. Na yi sammako zuwa ofishin kamfanin layin. Tun daga bakin titi samari suka tare ni, "Hajiya, ba sai kin shiga ba, kawo in yi miki a nan, dubu biyu ne." Na wuce. Mai gadi ya yago 'yar takarda ya rubuta mini lamba, na zauna a benci ƙarƙashin rumfa tare da jama'a, mafi yawansu waɗanda aka sace wa waya ne suka zo maido da layi. Rana ta take sosai kafin aka kira ni. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta karɓi takardar NIN ɗina, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ta shigar da lambar wayata, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mama, ai wannan layin ba da sunanki yake ba." Gabana ya faɗi. Ƙanina ne ya saya mini shi tun da daɗewa da sunansa, kuma da gwamnati ta ba da umarni a Disamban 2020 cewa kowane layi a haɗa shi da NIN, har aka kai ga toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba a Afrilun 2022, sai ya haɗa da tasa don kada a rufe mini. Taimako ne ya yi mini a lokacin. Amma yarinyar ta fahimtar da ni cewa a wurinsu shi ne mai layin, in ya ɓata shi kaɗai za su ba, alhali lambar ce ke kan asusuna na banki da BVN ɗina, wato lambar shaidata ta banki. Ta ce in ina so ya koma sunana, sai mun zo tare.

Ƙanina a Kaduna yake aiki, saboda haka wayar ta koma kwalinta har ya samu ya zo. Jiran nan ya dame ni, masu ɗinki na ta tambaya, amma yanzu ina ganin shi ne abu mafi amfani da na yi a duk tafiyar. Da muka koma, kowannenmu ya ba da takardar NIN, aka ɗauke mu hoto, muka dangwala yatsu a kan 'yar na'ura, muka cike fom muka sa hannu. Sun tambaye ni lambobin da na fi kira da kuma katin da na sa na ƙarshe, don haka yana da kyau mutum ya rubuto su tun daga gida, kada a zo ana lalube a gaban tebur jama'a na jira. Kuɗin da na biya a ofis bai taka kara ya karya ba, kuɗin mota da ranar aikin da ta tafi su ne asarar. Suka ba ni sabon sim a manne cikin kati mai girman katin ATM, layin ya ɗauke na ɗan lokaci, kafin la'asar ya dawo.

Kafin in tashi daga gaban teburin yarinyar ta ce, "Mama, kin sa wa sim ɗin makulli?" Ban taɓa jin sim yana da makullin kansa ba, kuma na tabbata yawancin waɗanda ke zaune a bencin nan ba su taɓa ji ba. Ta ce ɓarawon waya na yanzu ba wayar kaɗai yake so ba. Ko da fuskar wayar a kulle take, sai ya zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya, daga nan duk saƙon banki wurinsa zai je, in ya danna *565*0# lambar BVN ta fito masa, ya shiga gwada lambobin tiransifa na bankuna yana neman inda zai samu ƙofa, wani har bashi yake ciyowa da sunan mai layin. Kulle fuskar waya a bar sim a buɗe kamar a garƙame ƙofar ɗaki ne a bar akwatin kuɗi a tsakar gida. Ta shiga wajen saitin wayar, ɓangaren tsaro, ta kunna makullin sim, ta gaya mini lambar da kamfani ke sa wa kowane sabon sim, na shigar, sannan ta ce in canza ta zuwa tawa, ta kawar da kai har na gama. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. Idan aka shigar da lambar ba daidai ba sau 3, sim ɗin zai toshe, sai da wata lamba mai guda 8 da ake kira PUK, wadda ke rubuce a jikin katin nan da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Idan kuma aka kuskure PUK sau 10, sim ɗin ya mutu ke nan, sai an sake wani. Don haka kada a yi ta cinke, kuma kada a jefar da katin. Na kashe wayar na kunna a gabanta, ta tambaye ni lambar sim kafin ta kawo sabis. Abin bai kai minti biyar ba, kuma kyauta ne. Har yau ina mamakin yadda ba a gaya wa kowa wannan tun ranar da ya sayi layi.

Da daddare muka zauna da ɗan yayana muka buɗe asusun Google da lambata. Shi ya nuna mini inda zan taɓa, ni na rubuta kalmar sirrin da hannuna, doguwa, wadda ba sunan ɗa ba ce ba kuma lambar waya ba. Ya kunna mini tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri kafin a shiga asusun, Google ya ba mu lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce mai guda 8, waɗanda ake shiga da su in waya ba ta hannu. Na kwafe su a wani ɗan littafi da na ware, ba littafin awon kaya da ke yawo a shago ba, na haɗa da katin PUK da rasit na sa a ƙasan akwati. A fuskar wayar na zaɓi lamba mai guda 6 maimakon zanen nan da ake ja da yatsa, domin zanen yana barin sawu a gilashi, jikoki kuma kallo ɗaya suke yi su haddace. Na ƙara da buɗewa da dangwalen yatsa, na sa yatsu biyu, amma a sani in hannu na da danshi, bayan wanki ko alwala, wayar kan ƙi ganewa, kuma duk lokacin da aka kashe aka kunna lambar take nema, saboda haka ba a mantawa da ita. Ya kuma gyara saitin yadda in saƙo ya shigo waya na kulle ba za a ga abin da ke ciki ba, don lambar da banki ya turo kan bayyana ne ɓaro-ɓaro a fuska, wanda ya tsinci wayar ya karanta ba tare da ya buɗe ta ba. Daga ƙarshe ya sa ni na rage ƙarar wayar gaba ɗaya na tura ta ƙarƙashin tarin atamfofi, ya shiga asusuna daga tasa wayar ya danna, sai ga ta tana ruri da ƙarfi. Ya ce ta nan ake ganin inda take, a kulle ta daga nesa ko a goge komai, muddin tana samun intanet. Sannan ya fita daga asusun nawa a wayarsa ina gani, ban ma roƙe shi ba. Allah ya yi masa albarka.

Banki shi ne zango na gaba. Sahun masu ƙorafi da gyare-gyare daban yake da na masu ajiya da cira, a tambayi mai gadi tun daga ƙofa. Na je da katin ATM da takardar NIN da wayar kanta. Ma'aikacin ya duba ya ga lambar da ke kan asusun ita ce ke hannuna, ya taimaka mini na sauke manhajar bankin daga Play Store, rumbun manhajoji na Google, lambar tantancewa ta shigo, na shigar. Da aka zo wajen zaɓar lambar sirri shi ma ya juya kujerarsa ya ba ni baya. Ya ce, "Hajiya, ni da nake aiki a nan ma ban da ikon sanin wannan lambar. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo miki ko lambobin jikin kati, ki kashe wayarki, ko da ya faɗi sunanki da na mahaifinki daidai." Na roƙi abu uku, duk ya yi mini. Ya rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa daidai abin da nake buƙata. Asusun adashe, wanda daman na ware shi daban, na cike fom aka cire masa hanyar tiransifa ta danna lambobi gaba ɗaya, in ranar kwasa ta zo in je da ƙafata. Sannan ya rubuta mini lambar da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci, a rufe asusu nan take. Kowane banki da tasa, don haka a tambaya. Wasu na ganin cire tiransifa daga asusun adashe wahalar da kai ne. Ni dai na fi son in bi sahu sau ɗaya a wata da in tsaya gaban mata ina rantse-rantse.

Sai bayan duk wannan na buɗe WhatsApp, kuma a zaman farko muka sa masa nasa makullin, lamba mai guda 6 tare da imel, a wajen tantancewa mai mataki biyu. Lokaci zuwa lokaci yakan tambaye ni lambar don kada in manta. Ba a daɗe ba wani ya kira ni, murya a natse, da sallama da gaisuwa cikakkiya: "Hajiya, daga ƙungiyar teloli ne, an sa sunanki a taron da za a yi ta intanet yau da daddare, mun turo miki lambar shiga, karanto mini in tabbatar da ke." Har sunan zauren da nake ciki ya faɗa. Na duba, saƙon daga WhatsApp ne, lamba mai guda 6, kuma a cikinsa an ce kada a ba kowa. Na kashe. A makon ne irin wannan kiran ya ci wata daga cikin matan adashenmu. Kafin ta ankara, saƙonni sun bazu da sunanta da hotonta: "Manhajar bankina ta ƙi aiki, ki tura dubu 30 wannan akawun, zan mayar miki da yamma." Wata 'yar uwarta ta tura. Da ta zo mini tana kuka, ɗan yayana ya sa ta sake yin rajista da lambarta, saƙo ya shigo sim ɗinta, tana shigar da lambar aka fitar da ɓarawon. Amma ya riga ya sa nasa makullin, dole ta jira kwana 7 kafin ta samu shiga. Tun daga ranar muka kafa doka a adashe: ba a tura wa kowa kuɗi saboda rubutu, sai an kira an ji murya, kuma lambar asusun zubi ɗaya ce, ba ta canzawa ta saƙo. A zaman ne na tambayi kowacce sunan wa ke kan layinta, sai ga shi da yawa na miji ne ko na ɗa.

Sauran abubuwan a hankali na koye su. Saƙonnin "tallafi ya fito, cike fom" da "data kyauta" da ake yaɗawa a zauruka ba na taɓa su, ko waye ya turo, domin shi ma turo masa aka yi. Wurin masu turi nakan karɓi karatu da wa'azi a katin memori, amma manhaja sai daga Play Store, kuma na ƙi WhatsApp ɗin nan na jabu da 'yan mata ke yabawa, wanda kamfanin kan rufe wa mutum lamba saboda shi. Duk manhajar da ta nemi izinin abin da bai shafi aikinta ba, kamar ta tocila ta ce tana son lambobin mutanena, gogewa nake yi. Manhajojin bashi kuwa na ga abin da suka yi wa wata, suka tura wa surukanta da abokan cinikinta saƙon cin mutunci saboda kuɗi kaɗan. Google ya hana irinsu leƙa lambobi da hotuna tun 2023, amma waɗanda ake turawa ta bayan fage ba ruwansu da wannan doka. Idan wuta ta daɗe ba a kawo ba na kai caji shago, a kashe nake miƙa wayar, tunda in an kunna sai ta nemi lambar sim da ta fuska. Daga baya na tara kuɗi na sayi fawa banki. Wurin mai gyara kuwa sim da memori a hannuna suke zama, in ya ce sai an buɗe, ni zan buɗe ina tsaye. In wayar ta ce akwai sabuntawa, nakan bari sai dare in yi, ban ƙyale ta. Tallace-tallacen da ke cika akwatin saƙo har su ɓoye alat na gaskiya, rubuta STOP zuwa 2442 ya rage mini su.

Da za a ce in ba mai sabuwar waya shawara, sai in ce ta fara da layi kafin komai: ta tabbatar da sunanta yake, ta sa masa makulli, sannan imel, sannan banki, WhatsApp a ƙarshe. Kada ta sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi, komai arharsa. Masu taimaka wa iyaye kuma, don Allah ku nuna musu su danna da hannunsu, ku tabbatar an rubuta an adana, domin ku ba kullum kuke gida ba. Akwai kuma wata takarda da na rubuta, ɗaya a akwati ɗaya a wurin 'yata, ta abin da za a yi in an ƙwace wayar, don a lokacin ruɗewa kai ba ya aiki. Ba a kokawa da mai makami saboda waya. Da an samu tsira, a ari waya a danna lambar rufe asusun banki, ita ce ta farko domin kuɗi ke fara tafiya. Sannan a kira 300 daga layin kamfani iri ɗaya a ce su toshe sim ɗin, a shiga asusun Google a kulle wayar ko a goge ta, a sanar da 'yan uwa da abokan ciniki kada su amsa saƙo da sunanka. Bayan haka a kai rahoto ofishin 'yan sanda da rasit da lambar IMEI. Wajen maido da layi a tafi da takardar NIN da katin nan mai PUK, wanda ba shi da katin kuma ya shirya yin takardar rantsuwa a kotu, don ana iya nemanta. Idan kamfanin layi ya ja maganar ba tare da dalili ba, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a 622, kuma kiran kyauta ne.